Dukiyar Da Ke Kwance A Duwatsun Ruma Da Dajin Rugu

In mutum ya fita birnin Katsina ya nufi yamma maso kudu, tafiyar kamar sa'a guda a mota, sai ya ga ƙasa ta fara sake kama. Rairayin nan na kewayen birni ya ragu, jar ƙasa da tsakuwa su bayyana, sa'an nan duwatsu su dinga ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu a kwance su ke kamar an shimfiɗa tabarma, waɗansu a tsaye kamar rumbuna, waɗansu kuwa wani na bisa wani, har mai kallo ya ce iska kaɗan za ta ture su, alhali kuwa tun kaka da kakanni haka su ke. Wannan ita ce ƙasar Ruma, wadda Sarkin Ruma ke riƙe da ita daga Batsari. Kudu da ita ga ƙasar Safana ta Yariman Katsina, ga Zakka, ga Runka. Yamma da su duka kuwa ga Dajin Rugu, wanda ya faro tun daga wajen Jibiya, kusa da iyakar Nijar, ya gangara kudu ta Ɗanmusa da Ƙanƙara, ya tsallaka cikin Zamfara. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 200,000 a ƙaramar hukumar Batsari, da fiye da 180,000 a ta Safana. Yawancinsu manoma ne da makiyaya, kuma rogon Batsari da dankalinta sanannu ne a kasuwannin Katsina.

A cikin garin Batsari akwai wani tsoho, maharbi ɗan maharbi, wanda shekarunsa sun kai tamanin. Ba nan aka haife shi ba. Ƙauyensu yana can bakin daji, gindin wani dutse, amma a shekarar 2020, da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan yamma, ya kwaso iyalinsa ya shigo gari, ya bar gona da rumbu da kabarin mahaifinsa. Tun yana saurayi ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya sami takardar shaida, saboda haka ya kan karanta boko sannu sannu, yana bin layi da yatsa. Yana da jika wanda ya yi karatun labarin ƙasa a jami'ar Dutsin-Ma, ya gama, bai sami aiki ba tukuna.

Ran nan da la'asar sai jikan nan ya shigo zaure da wani babban littafi mai layi-layi, irin na rajista. Ya durƙusa ya gai da tsohon, ya ce, "Kaka, na zo ka ba ni dajin nan da ke cikin kanka in rubuta."

Tsoho ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Kai, Malam! Dajin da ya kore mu shi za ka rubuta? Wa zai karanta?"

Yaro ya ce, "Baƙi za su karanta, in Allah ya kawo lafiya. Akwai ƙasashen da mutane ke biyan kuɗi don su ga dutse da itace da tsuntsu kawai. So na ke in san ko namu sun isa a zo gani, in kuwa sun isa, me ya kamata a fara yi."

Tsoho ya ce, "A biya kuɗi a ga dutse? To, ashe mun daɗe muna kwana bisa dukiya muna kukan talauci." Wasan jika da kaka ya ke yi, amma duk da haka ya gyara zama.

Abin Da A Ke Nufi Da Yawon Buɗe Ido

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar garinsu ya tafi wani wuri, ba don fatauci ba, ba don biki ko gaisuwar mutuwa ba, sai don ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya huta, ya ƙaru da sani. Duk inda ya sa ƙafa kuwa sai ya bar kuɗi, gama zai biya mota, ya biya masauki, ya sayi abinci, ya sallami wanda ya yi masa jagora, ya sayi tsaraba. Wannan ciniki ne wanda hajarsa ba ta ƙarewa, domin mai saye ido kaɗai ya ke cikawa, ya tafi ya bar kayan inda ya same su.

Jikan ya ba kakansa misali uku. Na fari Yankari ne a ƙasar Bauci. A 1956 aka keɓe dajin, a 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, kuma har yanzu mutane na zuwa ganin giwa da ɓauna da gwanki, suna wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Na biyu Kure ne a Nijar, kamar kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma su ke kiwo cikin gonakin mutane. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da aka hana kisansu, aka sa samarin ƙauyukan wurin su zama 'yan jagora, aka kuma riƙa yi wa ƙauyukan rijiyoyi da waɗansu ayyuka, cikin shekara ashirin da 'yan kai sai da suka wuce 600. Na uku Ruwanda ce, ƙasar duwatsu, wadda ta sha mummunan kisan ƙare dangi a 1994. Tun daga 2017 baƙo na biyan dala 1,500 don ya zauna sa'a guda tak kusa da goggon biri, ba a kuwa yarda fiye da mutum 8 su ziyarci garke guda a yini ba, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandun daji a kan ba ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Tsoho ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Na ji. Amma su suna da giwa da raƙumin dawa. Mu me ya rage mana?"

Yaro ya ce, "Abin da za mu auna ke nan." Ya buɗe littafinsa ya nuna masa shafi biyar, ko wane shafi da tambaya guda a kansa. Ya ce haka masana ke yi in za su auna wuri: ba su fara gini sai sun amsa waɗannan tambayoyi, domin wanda ya ɗinka riga bai gwada mai ita ba, ɓarnar yadi ya yi.

Tambaya Ta Fari: Me Baƙo Zai Gani?

Abu na fari duwatsun ne da kansu. Masana sun ce irin wannan dutse narkakke ne a can cikin ƙasa tun zamani mai nisan gaske, ya huce ya daskare, sa'an nan ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ta rufe shi har ya fito fili. Zafin rana da sanyin dare su ke sa bayansa ya dinga ɓarewa kamar ɓawon albasa, shi ya sa kawunansu suka zama sumul. Inda dutse ya tsage, nan a ke samun kogo da inuwa, nan kuma ruwan damina ke kwantawa ya daɗe bayan rafuka sun ƙafe. Wanda ya hau bisa da sassafe cikin kaka zai hangi gonaki da rugage da bakin daji har iyakar ganinsa, abin da mutumin birni bai taɓa gani ba.

Abu na biyu itatuwa ne. Tsoho ya fara lissafi da yatsu: kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, kanya, ɗinya, faru, marke, ƙirya, maɗaci, gawo, aduwa, magarya, kalgo, sabara, geza. Ko wanne ya ambata sai ya faɗi amfaninsa, wannan ƙotar fartanya, wannan maganin shawara, wannan sassaƙensa na jego, wannan kuwa ba a sare shi don 'ya'yansa ne abincin yara da bazara. Yaro ya yi ta rubutu har hannunsa ya gaji. Ya ce wa kakansa wannan sani shi kansa abin sayarwa ne, gama baƙo ya fi son ɗan jagora mai ba da labari da wanda zai wuce gaba kawai yana nuna hanya.

Abu na uku namun daji ne da tsuntsaye. Da suka zo nan sai tsoho ya sa aka ɗebo masa tsakuwa, ya kasa ta kashi uku a ƙasa. Kashin fari na waɗanda suka tafi ne: zaki, giwa, ɓauna, gwanki. Ya ce ya ga zamanin da giwaye ke kai da kawowa tsakanin Rugu da dajin Baban Rafi na kudancin Maraɗi, suna shiga gona su ci dawa, amma yanzu ko kashinsu ba a gani. Kashi na biyu na waɗanda suka yi ƙaranci ne ƙwarai: barewa, gada, kura, mugun dawa, burtu, gauraka. Kashi na uku na waɗanda har ya baro ƙauye ya ke ganinsu: biri, rema a cikin tsagar dutse, zomo, dila, damo, zabin daji, fakara, cilakowa, shaho, da shamuwa mai zuwa da albishirin damina. Ya dubi kashin fari ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Har da hannunmu a ciki. Mun ɗauka ba su ƙarewa."

Abu na huɗu tarihi ne. Duwatsun nan mafaka ce ga mutanen dā. A gindinsu a kan ga kufai, da ragowar ganuwa, da ramukan niƙa bisa falalen dutse, da kashin tama inda maƙera suka narka ƙarfe. Ko wane kufai yana da labarinsa a bakin tsofaffi, in kuwa ba a rubuta ba, tare za a binne su.

Da suka gama, yaro ya rubuta a ƙarshen shafin cewa abin gani akwai shi, ko da ya ke ba irin na Yankari ba ne. Wanda ke son giwa ya tafi Bauci. Wanda ke son hawan dutse, da kallon tsuntsu, da sanin itace, da jin tarihi, Ruma da Runka sun ishe shi.

Tambaya Ta Biyu Da Ta Uku: Ta Ina Zai Bi, Ina Zai Sauka?

Wajen hanya ƙasar ba ta yi rashin sa'a ba. Katsina tana da filin jirgin sama, akwai kwalta daga Katsina zuwa Batsari, Safana kuwa kusa ta ke da Dutsin-Ma. Wahalar tana daga inda kwalta ta ƙare. Hanyoyin ƙauye na burji ne ko na ƙafa, in damina ta sauka, tsakanin Yuni da Satumba, rafukan da ke zuba cikin gulbin Bunsuru su kan yanke su, mota ba ta wucewa. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi ya kan wuce awo 40, dutse ya yi zafi har ba a iya dafa shi da hannu. Saboda haka lokacin baƙi shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, mafi kyau kuwa farkonsa, sa'ad da ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo kuma bai rufe sararin sama ba. Ka ga ke nan cinikin na wata huɗu ko biyar ne a shekara. Kada kowa ya sayar da gonarsa don shi. Amfaninsa shi ne yana zuwa daidai lokacin da aikin gona ya ƙare, samari na shirin tafiya cin rani.

Wajen masauki, yaro ya ce ba a bukatar babban otal mai bene. Baƙo na iya kwana a Katsina ko Dutsin-Ma, ya zo da safe ya koma da yamma. Abin da a ke bukata a gindin dutse kaɗan ne, amma tilas ne: rumfa mai inuwa, ruwan sha mai tsabta, makewayi mai tsabta na maza dabam na mata dabam, wurin salla, da ɗakin magani kusa wanda ke da allurar saran maciji. In ciniki ya kankama a gina 'yan ɗakuna na ƙasa da jinka, gama baƙo bai baro birni don ya zo ya ga siminti ba. Fura da nono, da dafaffen rogo da ƙuli, da gasasshen dankali, in an yi su da tsabta sun fi masa abincin gwangwani.

Ya kuma lura da cewa dutse kaɗai ba ya jawo mutum daga nesa. Sai an haɗa shi da sauran abubuwan gani na jihar, watau hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, da rijiyar Kusugu a Daura, da kaburburan Durɓi-ta-Kusheyi a ƙasar Mani, da madatsar ruwa ta Zoɓe kusa da Dutsin-Ma wadda aka gama a 1983, da hawan Salla. Wanda ya zo kallon hawa, in ya ji akwai wurin da zai yini cikin duwatsu, zai ƙara kwana guda, kwana gudan nan kuwa shi ne rabon Batsari da Safana.

Tambaya Ta Huɗu: Wa Zai Ci Amfanin?

Da aka zo wannan shafi sai tsoho ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, a nan ne a kan yi kuskure. Daji ba kango ba ne, yana da masu shi."

Gaskiya ya faɗa. Tun zamanin En'e aka keɓe gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai, aka sa malaman daji suna tsaronsa. Cikin shekarun 1960 aka mai da shi makiyaya, aka haƙa madatsun ruwa da mashaya don shanu a wajen Runka, kuma a 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo. Tsoho ya ce ya ga lokacin da Bafillace ke biyan jangali ya san abin da a ke yi masa da kuɗinsa: ga ruwa, ga allurar shanu, ga burtali a buɗe. Daga baya aka yi sakaci. Farin 1973 da na 1984 suka zo, ciwon bushiya na 1983 ya kashe shanu, madatsu suka cike da yashi ba a yashe ba, jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya. Manomi ya ga saniya cikin gonarsa, makiyayi ya ga gona bisa hanyarsa, kowa yana ganin shi aka zalunta. Ba wannan kaɗai ne ya haifi fitinar yau ba, amma a cikin wannan ƙasa ta tsiro.

Saboda haka duk wanda ya zo da shirin kewaye daji da waya don baƙi, ya kori makiyayi da mai itace da mai ɗiban magani, to, ya ƙara wa wuta makamashi ne. Shirin da zai ɗore shi ne wanda kowa ke da hannu a ciki. Maharbi ya zama ɗan jagora, gama ba wanda ya fi shi sanin sawu. Makiyayi ya karɓi baƙi a rugarsa ya sayar da nono da man shanu. Mata su sayar da abinci da faifai da tabarma. Maƙeri da dukawa su sayar da aikin hannunsu. Kuɗin shiga kuwa a rubuta shi cikin rajista, a ba da rasiɗi, a karanta lissafi a bainar jama'a gaban dagaci da arɗo, a san kason da zai tafi gyaran rijiya da makaranta. Ranar da mutum ya ga barewa mai rai ta fi matacciya kawo masa kuɗi, ran nan zai rataye bindigarsa ba sai an aiko masa da ɗan sanda ba.

Tambaya Ta Biyar: Zai Koma Gida Lafiya?

Wannan shafi yaro ya bar shi a ƙarshe, don ya san amsarsa tana da ɗaci. Shekaru fiye da goma ke nan Dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi shan wuya. A Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A Disamba na wannan shekara aka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara aka shiga daji da su, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 har layukan waya aka rufe na 'yan watanni. An yi sulhu a 2017, an sake yi a 2019, duka suka warware. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da waɗansu wurare suka sake zaman sulhu, har waɗansu manoma suka koma gonakinsu. Ko zai ɗore, Allah ne masani.

Baƙo kuwa ya fi kowa tsoro, domin ba dole ce ta kawo shi ba. Ko Kure da aka ambata, a 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a can, shida 'yan Faransa, biyu 'yan Nijar, ɗayansu shugaban 'yan jagora ne. Aikin shekara ashirin ya tsaya cikin safiya guda, ko da ya ke raƙuman dawa suna nan ba su tafi ko'ina ba.

Yaro ya rufe littafi ya ce, "Kaka, shafi huɗu sun ba da wani abu, na biyar ya cinye su duka. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Aikin banza na yi."

Tsoho ya ce, "Buɗe littafinka. Kai karatu ka yi, ni kuwa daɗewa na yi. Ka taɓa jin dajin nan ya zauna lafiya tun fil azal?"

Nan ma gaskiya ya faɗa, tarihi kuwa ya shaide shi. Bayan jihadi, da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma Maraɗi, ƙasar nan ta zama fagen yaƙi shekara da shekaru. Garuruwa suka watse, daji ya cinye gonaki. A 1853 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka zai tafi wajen Sarkin Musulmi, sai da ayarinsu ya ratsa dajin nan da gaggawa don tsoron mahara kafin su kai Zurmi. A ƙarshen wannan ƙarni ne Sarkin Ruma Ɗanwaire ya yi suna wajen tsare wannan iyaka. Amma da yaƙi ya ƙare bayan 1903, cikin zamanin Sarki Muhammadu Dikko mutane suka komo, suka sare kufai suka yi gonaki, har aka wayi gari mace na ratsa daji ita kaɗai da ƙwaryar nono a ka. Abin da ya taɓa lafawa yana iya sake lafawa.

Tsoho ya ce, "Tambayar da ba ka rubuta ba ita ce, ranar da lafiya ta samu, me za a tarar? In an tarar an ƙone marke da ƙirya an yi gawayi, an fasa duwatsu an yi tsakuwar gini, mu kuma da muka san sunayensu mun mutu, to, baƙonka me zai gani?"

Shirin Da Suka Tsara

A daren nan suka buɗe shafi na shida, suka jera aiki daki daki, suka fara da wanda ba ya bukatar kuɗi ko jiran kowa.

Na ɗaya, a rubuta sanin tsofaffi tun suna da rai, maharba da makiyaya da unguwarzoma da masu magani, Hausawa da Fulani: sunan ko wane dutse, da kogo, da mashaya, da kufai, da labarinsa. A sa ko wanne cikin taswira.

Na biyu, a zaɓi wurare kaɗan mafi kyau, waɗanda ke kusa da gari da kwalta, a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma da ma'aikatar gandun daji, a roƙa a hana fasa dutse da saran itace da farauta a cikinsu. Ba a ce a hana ko'ina ba, gama mutane na bukatar itacen girki da dutsen gini. Wanda ya ce zai tsare duka, ba zai tsare ko ɗaya ba.

Na uku, a mai da itatuwa. A nan ba sai an je nesa neman malami ba. Manoman Maraɗi tun cikin shekarun 1980 suka kama abin da su ke kira sassabin zamani, watau in kututture ya tofo a gona ba a sare shi duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da wannan dabara kaɗai aka mai da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙasarsu ta fi ta Ruma ƙarancin ruwa. In itace ya komo, tsuntsu zai komo, zomo da gada su biyo baya.

Na huɗu, baƙin fari su zama 'yan gida. Malaman makaranta su kai yara dutsen da ke kusa da gari, in masu tsaro sun tabbatar da lafiyar wurin, tsoho guda ya raka su yana ba da labari. Da haka 'yan jagora za su koyi aiki, a gane inda hanya ke da santsi, da yawan mutanen da wuri zai ɗauka ba a ɓata shi ba.

Na biyar, in shekaru sun wuce ba a ji ƙarar bindiga ba, a gayyaci ɗaliban jami'a da ma'aikatan Katsina da Kano. Mutanen ƙasashen waje su ne na ƙarshe, su kuwa ba a kiransu da talla, labarin waɗanda suka zo suka koma lafiya shi ke kawo su. Kada a yi gaggawa, kada kuma a ɓoye wa baƙo gaskiyar hali don kwaɗayin kuɗinsa, gama ran mutum guda ya fi kuɗin shiga na shekara ɗari.

Bayan kwana biyu, da aka idar da sallar asuba, tsoho ya ɗauki sandarsa, jikan ya ɗauki littafi, suka tafi wani falalen dutse da ke bayan gari. Sannu sannu suka hau, tsoho na tsayawa yana hutawa. Da suka kai bisa ya juya yamma, ya miƙa sanda, ya fara kiran duwatsun da ke can nesa da sunayensu ɗaya ɗaya, yana faɗin wanda ke da ruwa har bazara, da wanda rema ta fi yawa, da wanda mutanen dā suka ɓuya a kogonsa. Daga ƙarshe ya nuna wani ɗan ƙarami wanda da ƙyar a ke hangensa, ya ce a gindinsa gidansu ya ke, ƙofar zaure na duban gabas, da tsamiya a bakinta, in ba a sare ta ba.

Da yaro ya gama rubutu sai tsoho ya karɓi littafin, ya kai shi kusa da ido, ya bi layi da yatsa kamar yadda aka koya masa a aji shekara sittin da suka wuce. Ya tsaya a wani wuri ya ce, "Malam, ka yi kuskure nan. Wannan mashaya ba tamu ba ce, ta Fulani ce, kakanninsu suka haƙa ta. Gyara, kada a zo a yi rigima a kanta bayan ba ni." Yaro ya soke ya gyara. Suka sauko tun rana ba ta yi zafi ba, suka yi alkawari gobe za su tafi wajen wani tsohon arɗo da ke zaune a bayan kasuwa, wanda shi ma gudun hijira ya kawo shi gari, don a cika shafin mashaya da burtali.

Allah ya zaunar da ƙasar Ruma da Safana lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.